Shin Lauya Na Wanda Ya Biya Shi Ne?

 

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu, wata muhawara ce da ta ɓarke a ajinmu na matan aure bayan an tashi daga karatun la'asar. Wata baiwar Allah ce ta tsayar da ni, ta ce 'yarta ta samu gurbin karatun lauya a jami'a, amma maigidan ya ce atafau ba zai zuba kuɗinsa 'yarsa ta je ta koyo ƙarya ba. Ta ce, "Malama, don girman Allah ki gaya mini gaskiya, aikin lauya ba sayar da baki ba ne?" Kafin in buɗe baki sai wata da ke gefe ta cafe, ta ce ita kam ina ma ta samu mai sayar da bakin. Wai lokacin da suke shari'ar gida da dangin marigayi mijinta, ta ce wa lauyanta ya gaya wa alƙali cewa marigayin ya ba ta gidan kyauta tun yana raye, alhali ta san magana ce kawai aka taɓa yi, ba a kammala ba. Lauyan ya ce ba zai faɗa ba. Ta ce, "To ni na biya shi ko alƙali? Sai na sallame shi."

Kin ji fa, 'yar uwa. Ɗaya tana zargin lauya da yin ƙarya, ɗaya tana jin haushinsa don ya ƙi yi. Amma su biyun sun haɗu a kan fahimta guda, wato lauya ɗan aike ne, wanda ya biya shi shi ke da harshensa. Wannan fahimtar nake so mu zauna mu duba yau.

Don mu gane al'amarin sai mun leƙa Ingila, domin daga can baƙar rigar nan da hular gashin doki suka zo mana, tare da ƙa'idojin aikin. Ɗan Nijeriya na farko da ya zama barista, Christopher Sapara Williams, a Landan aka rantsar da shi a 1879. A can Ingila da Wels aikin lauya kashi biyu ne. Akwai solisita, shi ne wanda za ki je ofishinsa ki zayyana masa damuwarki, ya ba ki shawara, ya rubuta takardu, ya kula da cinikin gida ko rabon dukiyar mamaci, kuma sau da yawa kuɗinki na ratsawa ta hannunsa. Sannan akwai barista, wanda akasari solisita ne ke ɗauko shi don ya tsaya gaban alƙali ya yi magana, musamman a manyan kotuna. Solisitocin da ke aiki sun haura 150,000, baristoci kuwa ba su kai 20,000 ba. Mu a Nijeriya ba a raba ba, duk wanda aka rantsar ya zama barista kuma solisita a lokaci guda, shi ya sa muke ce wa kowa Barista kawai.

Da can, ƙungiyoyin lauyoyin Ingila su ne ke kare muradun 'ya'yansu, kuma su ne ke sauraron ƙorafin jama'a a kansu. Ke ma kin san wannan da wuya, domin mutum ba ya zama alƙalin kansa. Bayan rahoton da Sir David Clementi ya miƙa a 2004, sai aka raba ayyukan. A 2006 aka kafa hukumar sa ido kan baristoci da ake kira BSB, a 2007 aka kafa ta solisitoci mai suna SRA. Dokar Ayyukan Lauya ta 2007 ta ɗora wata babbar hukuma a kansu don ta riƙa duba yadda suke aiki, ta kuma samar da ofishin karɓar koke-koken jama'a, wanda ya fara aiki a 2010. Lauyan da aka kama da babban laifi ana gurfanar da shi gaban kotun ladabtarwa, a ci shi tara, ko a dakatar da shi, ko a soke sunansa gaba ɗaya ya bar aikin.

Me ya sa aka yi duk wannan ɗawainiya a kan sana'a guda? Domin sana'a ce da mai saye ba ya iya auna abin da aka sayar masa. Idan tela ya ɓata miki ɗinki, da kin saka za ki gani. Idan mai awo ya tauye miki mudu, za ki gane a tukunya. Amma idan lauya ya yi sakaci da shari'arki, ko ya haɗa baki da abokin shari'arki, ta yaya za ki sani? Kin ba shi sirrinki, kin ba shi takardun gidanki, wani lokaci har makomar 'ya'yanki tana hannunsa, ga shi kuma harshen da ake magana da shi a kotu ba ji kike yi ba. Duk inda aka ce ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba, to babu abin da ke riƙe da huldar sai amana.

Amanar farko da aka ɗora masa ita ce ta dukiya. Dole solisita ya buɗe asusu na daban a banki don kuɗin mutanen da yake wa aiki, kada ya kuskura ya cakuɗa shi da nasa, ko da da niyyar aro ne ya mayar gobe. Taɓa wannan kuɗi na cikin laifuffukan da kusan kullum hukuncinsu kora ne daga aiki. Akwai kuma asusun diyya da solisitoci ke zuba kuɗi a ciki, don a rage wa wanda aka cuta asara. Ta biyu ita ce ta sirri. Abin da kika faɗa wa lauyanki don neman shawara, ba shi da ikon fallasa shi, ko bayan kun rabu, kai ko bayan kin rasu, kuma kotu ma ba ta tilasta masa ya faɗa. Sai dai wannan kariya ba ta rufe wanda ya je wajen lauya don a taya shi ƙulla zamba ba. Ta uku, ba ya yi wa ɓangarori biyu masu jayayya aiki, kuma ba ya fifita ribarsa a kan maslaharki.

Har zuwa nan na san kina tare da ni, domin duk waɗannan ke suke karewa. To amma akwai amana ta huɗu, kuma ita ce aka ɗora a saman sauran. Ƙa'idar baristocin Ingila ta bayyana ƙarara cewa haƙƙin da kotu ke da shi a kan barista yana gaba da na wanda ya ɗauke shi aiki. Haka ma ƙa'idoji bakwai da SRA ta fitar a 2019, an ce idan suka ci karo da juna, waɗanda ke kare adalci da amincewar jama'a su ake gabatarwa a kan muradin mutum ɗaya. Ma'ana, lauyanki ba shi da damar yaudarar alƙali saboda ke. Ba zai faɗi abin da ya san ƙarya ne ba, ba zai kawo shaidar da ya san ta zur ce ba, ba zai koya wa mai shaida abin da zai faɗa ba. Abin da zai ƙara ba ki mamaki, idan ya san da wani hukuncin babbar kotu da ya shafi shari'arki amma bai goyi bayanki ba, kuma lauyan ɗaya ɓangaren ya manta bai kawo shi ba, wajibi ne shi ya nuna wa alƙali. Idan kuwa kika dage sai ya yi miki ƙarya, abin da aka umarce shi shi ne ya ajiye aikinki, ba tare da ya tona miki asiri ba.

Ashe ke nan lauyan da 'yar uwarmu ta kora, aikinsa yake yi. Kuɗin da ta biya na iliminsa ne da lokacinsa da ƙoƙarinsa, gaskiyarsa ba ta cikin cinikin.

Na san tambayar da ke cin ranki, domin ita ce ainihin hujjar maigidan nan da ya hana 'yarsa karatu: idan haka ne, me ya sa muke ganin lauyoyi suna kare ɓarayi da masu kisa? A Ingila akwai abin da suke kira ƙa'idar layin tasi. Kamar dai yadda direban da layi ya zo kansa a tasha ba ya zaɓen fasinja, haka barista ba ya ƙin shari'a don yana ƙyamar mutumin, ko aƙidarsa, ko laifin da ake zarginsa da shi, matuƙar fanninsa ne, yana da lokaci, an biya shi daidai, kuma babu wani abin da ya ɗaure shi da ɗaya ɓangaren. Hikimar a fili take. Da lauyoyi za su riƙa zaɓar wanda suke ganin mai gaskiya ne kawai, da an gama yanke wa mutum hukunci a ofishin lauya tun kafin ya ga alƙali. Kuma wa za a fara gudu? Wanda gari ya tsana, da baƙo, da talaka, da macen da aka yi wa ƙazafi har unguwa ta ɗauka. Mu mata mun fi kowa sanin yadda magana ke zama gaskiya a bakin mutane ba tare da ko shaida ɗaya ba. Zato daban, sani daban, kuma a fiƙihun da muke karantawa ma, mai da'awa ne ake nema ya kawo hujja.

To idan mutumin ya faɗa wa lauyansa da bakinsa cewa shi ya aikata fa? A nan ƙa'idar Ingila ta ɗaure hannun lauya. Daga wannan lokaci ba zai tashi ya ce wa kotu mutumina bai aikata ba, ba zai ce yana wani gari lokacin da abin ya faru ba, ba zai ɗora laifin a kan wani ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ba shi shawarar amsa laifi, idan kuma ya ƙi, lauyan na iya tsayawa kawai ya gwada ƙarfin hujjar masu ƙara, ya ga ko sun tabbatar da zarginsu kamar yadda doka ta nema.

Ba zan ɓoye miki ba, a wannan gaɓa ni kaina zuciyata ba ta gama natsuwa ba. Na fahimci dalilinsu: idan aka bar hukuma ta ɗaure mai laifi ba tare da cikakkiyar hujja ba yau, da wannan hanyar za ta ɗaure marar laifi gobe. Amma kuma ina tuna uwar wanda aka kashe tana zaune a kotu, tana kallon wanda ya san gaskiya ya yi shiru. Lauya bai yi ƙarya ba, haka ne, sai dai gwanintarsa na iya sa mai laifi ya fita. Abin da na ɗauka shi ne, dokar aiki ta shata iyakar da ba a ƙetarewa, amma ba ta sauke wa mutum nauyin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba. Wanda ya shiga wannan aiki zai haɗu da ranakun da littafin ƙa'ida zai ce masa ya halatta, zuciyarsa kuma ta ƙi kwanciya. Irin wannan wuri, mai tsoron Allah ake so ya tsaya a cikinsa.

Yanzu bari in nuna miki abin da ke faruwa idan lauya ya ɗauki kansa a matsayin na wanda ya biya shi. Tsakanin 1999 da 2015, an yanke wa mutum sama da 900 masu riƙe da ƙananan rassan gidan waya a Birtaniya hukunci kan sata ko murɗiyar lissafi, saboda wata manhajar kwamfuta mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, tana nuna kuɗi sun ɓata a rassansu. Kusan 700 daga cikin shari'o'in, hukumar gidan wayar ce da kanta ta shigar, da lauyoyinta. Ashe manhajar ce ke da matsala. A cikinsu akwai wata matar aure, Seema Misra, da aka zarga da sace kimanin fam 74,000. A watan Nuwamba na 2010 aka yanke mata ɗaurin wata 15, tana da cikin wata biyu, a ranar da ɗanta ya cika shekara 10 da haihuwa. Ko da aka sake ta, da na'urar sa ido ɗaure a ƙafarta ta haihu.

Dokar Ingila ta wajabta wa mai gabatar da ƙara ya miƙa wa wanda ake tuhuma duk wani bayani da zai iya raunana ƙarar ko ya taimake shi. A zaman kwamitin binciken da Sir Wyn Williams ya jagoranta, an ga takardun da suka nuna cewa kwanaki kaɗan kafin a fara shari'ar wannan mata, labarin wata matsala a manhajar ya isa sashen lauyoyin gidan wayar, amma ba a sanar da lauyoyinta ba. A 2013 ma wani barista ya rubuta wa hukumar gargaɗi cewa ƙwararren da suke kawowa shaida ya san da kurakuran manhajar bai faɗa wa kotu ba, amma aka ɗauki shekaru kafin wannan takarda ta fito fili. Sai a watan Afrilu na 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke mutum 39, har da ita, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen ɗaruruwan da suka rage. Kafin nan wasu sun rasa gidajensu, aure ya mutu, wasu sun rasu da tabon sata. Rahoton da kwamitin ya fitar a Yulin 2025 ya ce akwai yiwuwar aƙalla mutum 13 sun kashe kansu saboda wannan bala'i. A 2024 hukumar SRA ta ce tana binciken lauyoyi da kamfanonin lauyoyi sama da 20 kan lamarin.

Ki duba da kyau, 'yar uwa. Abin da aka yi wa wannan mata, irinsa ne abokiyar karatunmu ta nemi lauyanta ya yi wa dangin mijinta, wato a kare wanda ya biya, a rufe abin da zai cutar da shi. Bambancin kawai, a wace kujera kike zaune. Yau ke ce mai biya, gobe wanda ya fi ki kuɗi ne zai biya, ke kuma kina ɗaya ɓangaren ke da marayunki. Ranar nan babu abin da zai tsaya miki sai lauyan abokin shari'arki ya kasance mutumin da ba ya sayar da gaskiyarsa. Kuma ki sani, wanda ya yarda ya yi ƙarya dominki, ba abin da zai hana shi yi miki ƙarya ranar da kuɗin gadonki suka shiga asusunsa.

Wannan labari ya kuma nuna mana cewa yawan hukumomi ba ya maye gurbin hali. Duk dokokin nan suna rubuce lokacin da aka ɗaure Seema Misra. Ko a 2023 an rufe wani kamfanin lauyoyi mai suna Axiom Ince bayan an nemi sama da fam miliyan 60 na kuɗin jama'a an rasa, kuma binciken da aka fitar a 2024 ya ce ita kanta SRA ba ta ɗauki matakin da ya kamata ba. Hukuma tana zuwa ne bayan an yi ɓarna. A daren da lauya ke zaune shi kaɗai da takardar da za ta rusa shari'arsa, babu mai ganinsa sai Allah.

Mu dawo gida. Tunda tsarin namu daga can aka gado shi, mu ma muna da namu matakan. Bayan digiri, sai mutum ya shiga Makarantar Horon Lauyoyi da aka kafa a 1962, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano, sannan majalisar manyan masana shari'a ta rantsar da shi, a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Akwai kundin ƙa'idojin aiki, wanda aka sabunta a 2023, akwai kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, mai ikon jan kunne, ko dakatarwa, ko soke sunan lauya daga rajista. Saboda haka idan Allah Ya haɗa ki da shari'a, ki nemi a rubuta yarjejeniyar kuɗin aiki tun farko, ki karɓi rasit na duk abin da kika biya, ki ajiye kwafin kowace takarda kafin ki miƙa, kada ki sa hannu a abin da ba a karanta miki kin fahimta ba. Idan lauya ya riƙe miki kuɗi ko takardu ba bisa ƙa'ida ba, kina iya kai kuka reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ke garinku. Kada kunya ko tsoron baƙar riga su sa ki haɗiye zalunci.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da ke zuwa wajen lauya muna da namu nauyin. Ki gaya masa gaskiya duka, har wadda ba ta yi miki daɗi ba, domin don haka aka ba ki kariyar sirri. Idan ya ce miki wannan haƙƙin ba naki ba ne, kada ki fita neman wanda zai ce naki ne. Hukuncin alƙali na iya mallaka miki gida a takarda, amma ba ya halatta miki abin da kika san na marayu ne ko na kishiyarki.

Ita kuwa mahaifiyar yarinyar nan, abin da na ce ta isar wa maigidan cikin ladabi shi ne: ba a koyar da ƙarya a ajin lauya, kuma ƙa'idar aikin ma korar maƙaryaci take yi. Idan duk gidan da aka yi wa yaro tarbiyya aka hana shi wannan karatu, wa muka bar wa kotunan? Zawarawa da marayu da matan da aka sako ba tare da haƙƙinsu ba, suna buƙatar wadda za su zauna da ita su faɗi abin da ba za su iya faɗa wa namiji ba. Na ce su bar ta ta je, amma su riƙa tuna mata cewa ranar da za ta rasa babban aiki saboda ta ƙi faɗin kalma ɗaya tana nan tafe, kuma su iyayen su shirya, kada ranar su ce mata ta yi wauta.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, Ya kuma shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.